Ambaton Launin Fata Cikin Kwatancen Wanda 'Yan Sanda Ke Nema

1. Gabatarwa

A Amurka da Ingila an daɗe ana gardama a kan wata magana wadda in an dube ta sama-sama sai a ce ba ta isa gardama ba. Maganar kuwa ita ce: idan an yi laifi, 'yan sanda suka ba da sanarwar kamannin wanda su ke nema, daidai ne su ambaci launin fatarsa, ko kuwa ambaton nan shi kansa wariya ne? Waɗansu sun ce launi siffa ce kamar tsawo da kauri, wanda duk ya ɓoye shi ya taimaki mai laifi. Waɗansu kuma sun ce duk sa'ad da aka ce ana neman baƙar fata, to, an jefa dubban bayin Allah cikin zargi saboda laifin mutum guda.

Masana shari'a sun yi rubutu mai yawa a kan wannan. Mu kuwa ta fuskar harshe za mu dube shi, gama kwatance magana ce: wani ya ke faɗinta, wani ya ji, wani ya rubuta, wani kuma ya yi aiki da ita. Abin da mu ke so mu nuna shi ne, hukuncin kalmar launi yana rataye da abu uku: kalmomin da ta ke tafiya tare da su, da bakin da ta fito, da abin da aka aikata da ita bayan an faɗe ta. Za mu ɗauki misalanmu daga ƙasashen nan biyu inda gardamar ta ke, amma za mu auna su da Hausa, domin Hausa ta raba waɗansu abubuwa biyu da Ingilishi ya gama a kalma ɗaya.

2. Aikin kwatance

Kwatance yana da aiki guda, watau ya rage yawan mutanen da za a duba. A ƙaddara gari ne mai mutum 10,000. In shaida ya ce ɓarawon namiji ne, an sallami wajen rabin garin ke nan. In ya ƙara da cewa saurayi ne dogo, an sake sallamar mafi yawan waɗanda suka rage. In ya ce yana da bille a kuncin hagu, yana kuma ɗingishi, wataƙila ba za a rage da mutum biyar ba. Kowace siffa kamar rariya ta ke, darajarta kuwa tana ga yawan abin da ta tankaɗe.

Bahaushe ya san wannan aiki tun daga sankira har zuwa cigiyar gidan rediyo. Akan ji an ce: "Ana cigiyar wani yaro mai kimanin shekara goma, baƙi ne, siriri, yana da 'yan baka, yana sanye da shuɗiyar riga, an rabu da ganinsa ran Laraba a bakin tasha." Ba wanda zai ji wannan ya ce an yi wariya, ko da ya ke an ambaci launi. Dalili kuwa, kalmar "baƙi" ɗaya ce cikin siffofi da dama, kuma dukansu suna nuni ga yaro guda.

A Turai, wanda ya fara mai da kwatance ilmi shi ne Alphonse Bertillon, wani magatakarda a ofishin 'yan sandan Paris, wanda aka fara aiki da tsarinsa a farkon shekarun 1880. Ya tsara awon kai da hannu da ƙafa, ya kuma shirya kalmomi na musamman don siffanta goshi da hanci da kunne, yadda ɗan sanda zai iya aika kamannin mutum da baki kawai, wani ya gane shi a wani gari. Daga baya zanen yatsa ya ture awon, 'yan sandan Landan ma suka buɗe ofishinsa a 1901. Abin lura cikin aikin Bertillon shi ne, ƙoƙarinsa duka na yawaita siffofi ne har su tsaya a kan mutum ɗaya tak.

Sai dai amfanin kowace siffa yana sākewa bisa ga garin da aka faɗe ta. A Kano in aka ce ɓarawo baƙar fata ne, ba a faɗi kome ba, don haka ba mai faɗi. A wani ƙaramin gari na Amurka inda baƙar fata ba su fi biyu ko uku cikin 100 ba, kalmar tana sallamar kusan kowa. Wannan ita ce hujjar 'yan sanda, kuma gaskiya ce. Amma 'yan kaɗan ɗin da ba ta sallama ba, zargin gari duka a kansu ya ke sauka. Ashe ƙarfin kalmar da cutarwarta daga wuri ɗaya su ke fitowa.

3. "Baƙi" da "baƙar fata"

Mai karatu ya dubi waɗannan jimloli:

(a) Audu fari ne.
(b) Audu baƙi ne.
(c) Audu wankan tarwaɗa ne.
(d) Audu baƙar fata ne.

Uku na farko suna faɗin abin da ido ya gani. Suna karɓar daraja, gama ana cewa Audu ya fi ƙanensa fari, ko a ce baƙi-baƙi ne. Biyu daga ciki suna karɓar amsa-kama, kamar fari sol da baƙi wuluk. Har laƙabi Hausa ta ke yi da su, irin su Jatau da Duna. Ta huɗu ba ta karɓar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a cewa wane ya fi wane baƙar fata. Ko da ya ke "fata" tamace ce a nahawu, ba mu cewa Audu baƙar fata ce, sai dai "ne", kuma mukan ce su Audu baƙar fata ne ba tare da sāke kalmar ba. Watau ta bar zama siffar fata, ta zama sunan wani rukuni na 'yan Adam. Babbar shaida ita ce Bahaushe yana iya cewa, "Audu fari ne, amma baƙar fata ne," ba wanda zai ce ya yi tufka da warwara.

Ingilishi ba shi da wannan rabo a bakin yau da kullum. Kalma ɗaya ce ke ɗauke da ma'anar (b) da ta (d). Saboda haka idan ɗan sandan Amurka ya faɗe ta, mai saurare yana tsammanin ya ji launi, alhali kuwa sunan rukuni ya ji. Iyakar rukunin kuma tarihi da doka ne suka shata ta. A jihar Virginia, dokar 1924 ta ce ba a lissafa mutum Bature in akwai ɗigon jinin baƙar fata cikin kakanninsa, kome haskensa. A Afirka ta Kudu, dokar rajistar jama'a ta 1950, wadda aka soke a 1991, ta sa ma'aikatan Gwamnati su yanke wa kowa rukuninsa, har akan raba 'yan gida ɗaya. A Brazil kuwa, da aka tambayi mutane launinsu cikin wani binciken Gwamnati a 1976, sai suka ba da kalmomi fiye da 130. Mutum ɗaya yana iya zama baƙi a New York, tsaka-tsaki a Rio, fari a Katsina, fatarsa kuwa ba ta sāke ba.

'Yan sandan Ingila sun mai da wannan rabo lambobi tun wajen ƙarshen shekarun 1970, don sauƙin magana ta rediyo. IC1 Baturen arewacin Turai ne, IC2 na kudancinta, IC3 baƙar fata, IC4 mutanen Indiya da maƙwabtanta, IC5 mutanen Sin da Japan da kewayensu, IC6 Larabawa da mutanen Afirka ta Arewa. A lura, an raba Turawa gida biyu, amma Bafillace fari daga Adamawa, da dogon baƙi daga Sudan ta Kudu, da haifaffen Jamaika, lamba ɗaya su ke amsawa. Wanda aka ba shi IC3 kaɗai bai san ko wane irin haske zai duba ba.

Akwai kuma abin da masana harshe ke kula da shi, watau abin da a ke faɗi da abin da a ke bari a fahimta. Inda Turawa suka fi yawa, akan ɗauka mutum Bature ne sai in an ce ba shi ba ne. Jaridun Amurka sun daɗe suna rubuta "wani mutum" in mai laifi Bature ne, su rubuta launi in baƙar fata ne. Kowane labari shi kaɗai yana iya zama gaskiya, amma mai karanta su shekara da shekaru ba ya jin launi sai tare da laifi, har kunnensa ya ɗaure su wuri ɗaya. A 1946 jaridar New York Times ta sanar da cewa ta daina ambaton launin wanda a ke zargi sai in akwai dalilin da ya sa a ambata.

4. Yadda "wani" ke faɗuwa a hanya

Hausa tana da wata 'yar kalma mai muhimmanci a nan, ita ce "wani". In an ce wani baƙar fata ya shiga gidan, ana nufin mutum guda wanda ba a san sunansa ba tukuna. In an ce a tare baƙar fata, ba a nufin kowa musamman, watau ana nufin kowa. Shaida kullum da ta farko ya ke farawa. Amma kwatance ba ya zama a bakin shaida. Daga gare shi sai ɗan sandan da ya fara zuwa, daga nan sai rediyon 'yan sanda, sa'an nan jarida, sa'an nan bakin jama'a. A kowane zango akan zubar da wani abu: tsawo ya faɗi, tufa ta faɗi, sa'a da wuri su faɗi. Launi ne ke isa ƙarshen tafiya, domin gajere ne a baki kuma daga nesa a ke hangensa. Can ƙarshe sai "wani" ma ya faɗi.

Abin da ya faru a garin Oneonta na jihar New York ya isa misali. Ran 4 ga Satumba 1992, da tsakar dare, wani ya shiga gida a bayan garin da wuƙa, ya far wa wata tsohuwa mai shekara 77. Ba ta ga fuskarsa ba. Ta ce ta ga hannunsa, baƙar fata ne. Ta zaci saurayi ne saboda zafin namansa. Tana kuma jin ya yanke a hannu sa'ad da su ke kokawa. Karen 'yan sanda ya bi sawu wajen kwalejin garin, sa'an nan sawun ya ɓace. 'Yan sanda suka nemi kwalejin ta ba su sunayen ɗalibanta maza baƙar fata duka, aka ba su wajen 125. Da wannan bai yi ba, sai suka shiga gari kwana da kwanaki suna tare duk wanda ba Bature ba suna duba hannunsa. An tambayi mutum fiye da 200, har da mace, a garin da mazaunansa baƙar fata ba su kai 300 ba. Ba a kama mai laifin ba.

Waɗanda aka tare suka kai ƙara. A 1999 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta yanke cewa ba a keta haƙƙinsu na daidaito a gaban doka ba, domin 'yan sanda ba su ƙaga launin ba, daga bakin wadda aka cuta ya fito, kuma yana tare da jinsi da shekaru da yanka a hannu. Waɗansu alƙalan kotun ba su gamsu ba, suka nemi a sāke zama, ba su sami rinjaye ba.

Ta fuskar harshe, kotun ta dubi jimlar da tsohuwar ta faɗa, masu ƙara kuwa jimlar da 'yan sanda suka aikata su ke kuka da ita. Tsohuwar ta ba da siffa huɗu. Takardar da aka nema a kwaleji tana da biyu. Ranar da aka tare mace, saura ɗaya ke nan. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, balle kamar da ba ta wuce ta launi ba.

5. Raunin shaida

Har wa yau, cewa launin daga bakin shaida ya fito bai wanke shi sarai ba, gama shaida yana da rauni iri biyu, na ido da na zuciya.

Na ido shi ne, mutum ya fi iya rarrabe fuskokin irin mutanen da ya tashi cikinsu. Wannan bai keɓanta ga Turawa ba. Bahaushen da bai saba ba yakan ce Sinawa duk kamarsu ɗaya. A 2001 waɗansu masana halayyar ɗan Adam biyu, Meissner da Brigham, suka tattara gwaje-gwaje 39 da aka yi da mutum kusan 5,000. Suka iske haɗarin nuna fuskar da ba ita ba yana ƙaruwa da wajen rabi in fuskar ta wani rukuni ce daban da na mai dubawa. Wannan yana shafar kwatance kai tsaye: wanda bai iya karanta fuska ba, rukuni kawai zai iya faɗi, don haka kwatancensa yakan zo gajere. A jihar North Carolina an ɗaure Ronald Cotton, baƙar fata, bisa laifin fyaɗen da aka yi a 1984, domin matar da aka cuta, Baturiya, ta nuna shi tana mai sakankancewa. Sai a 1995, bayan shekara goma da 'yan kai a kurkuku, gwajin ƙwayar halitta na DNA ya nuna wani ne. Matar ba ta yi ƙarya ba, idonta ne ya yaudare ta. Saboda irin wannan ne babbar kotun jihar New Jersey a 1999, da ta jihar New York a 2017, suka umarci alƙalai su ja kunnen masu taimaka musu yanke hukunci game da shaidar da aka bayar a kan fuskar wani rukuni.

Raunin zuciya kuwa ƙarya ce tsagwaronta. A watan Oktoba 1989, a Boston, wani Bature mai suna Charles Stuart ya ce wani baƙar fata ya harbe shi da matarsa mai ciki a cikin mota. Matar ta mutu, jaririn ma daga baya. 'Yan sanda suka mamaye unguwar Mission Hill suna tare samari suna caje su. A Janairu 1990 ƙanen Stuart ya tona cewa mijin ne da kansa ya kitsa abin, shi kuwa ya faɗa ruwa daga kan gada ya mutu. Sai a Disamba 2023 magajiyar garin Boston ta nemi gafarar mutum biyu da aka zarga a banza. Haka kuma a 1994, a jihar South Carolina, Susan Smith ta ce wani baƙar fata ya ƙwace motarta da 'ya'yanta biyu a ciki. Bayan kwana tara ta amsa cewa ita ta tura motar cikin tafki. Abin tambaya shi ne, me ya sa maƙaryatan nan biyu suka zaɓi wannan kwatance? Sun zaɓe shi ne don sun san kunnen jama'a a shirye ya ke ya karɓa.

6. Hanya biyu

Ana iya tashi daga laifi a nufi mutum, ana kuma iya tashi daga mutum a nemo masa laifi. A hanya ta farko akwai abin da ya auku, da wuri, da lokaci, da shaida. A ta biyu ba kome sai zaton cewa irin su wane sun cika yin kaza. Dokokin ƙasashen nan biyu sun yi ƙoƙarin shata iyaka a nan. Ƙa'idar tare mutane da cajensu ta Ingila, wadda ta samo tushe daga dokar 'yan sanda ta 1984, ta hana a ɗauki launi dalilin zargi, sai fa in akwai labarin da ya ba da kamannin wani da a ke nema. Umarnin da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta ba jami'an tarayya a 2003 shi ma wannan togaciya ya yi.

Wahalar ita ce, kalmomin hanya ta farko suna iya zama mayafin ta biyu. Ran 4 ga Fabrairu 1999, 'yan sandan farin kaya huɗu suka ga Amadou Diallo, wani saurayi ɗan ƙasar Gini mai 'yan tireda, yana tsaye a ƙofar gidansu a unguwar Bronx da dare. Suka ce sun ga ya yi kama da wani mai fyaɗe da a ke nema. Ya sa hannu aljihu ya fito da walat, suka harba harsashi 41, 19 suka same shi. Ba shi da makami. A shekara ta 2000 kotu ta sallame su.

A birnin New York ɗin dai, tsakanin Janairu 2004 da Yuni 2012, 'yan sanda sun tare mutane a titi sau miliyan 4.4. Kashi 52 cikin 100 baƙar fata ne, 31 'yan asalin Latin Amurka, 10 Turawa, alhali baƙar fata wajen kashi 23 ne na mutanen birnin. A kashi 88 cikin 100 an sallami mutumin ba kamu ba sammaci. Hukumar birnin ta ce yawan waɗanda a ke tarewa ya yi daidai da yawan da shaidu ke kwatantawa cikin manyan laifuffuka. A watan Agusta 2013 mai shari'a Shira Scheindlin ta ƙi wannan hujja. Ta nuna cewa tun da mafi yawan waɗanda aka tare ba su da laifi, ba dalilin da zai sa a auna su da ma'aunin masu laifi. A nan an tara kwatance dubu, kowanne na wani mutum guda, aka narka su aka mai da su kwatancen al'umma. Wannan shi ne kuɗin goro.

7. Abin da shiru ke jawowa

Ganin haka, waɗansu sun ce a bar ambaton launi gaba ɗaya. Wannan ma yana da tasa illar. In mai kisa yana yawo, shaida kuma ya gan shi sosai, cire siffar da kowa ke fara gani rage wa jama'a kariya ne, mafi yawan waɗanda a ke cuta kuwa maƙwabtan mai laifin ne, sau da yawa 'yan rukuninsa. Sa'an nan inda hukuma ta yi shiru, jita-jita kan cika wurin. A ƙarshen Yuli 2024 aka kashe 'yan mata ƙanana uku a Southport ta Ingila. Kafin a bayyana ko wane ne, ƙarya ta bazu a intanet cewa Musulmi ne mai neman mafaka, alhali haifaffen Cardiff ne. Aka yi tarzoma a garuruwa da dama, aka kai wa masallatai hari. Saboda haka da wani ya kutsa da mota cikin taron masu murnar ƙwallo a Liverpool a Mayu 2025, cikin 'yan sa'o'i 'yan sanda suka sanar cewa wanda aka kama Baturen Ingila ne mai shekara 53. A Agusta 2025 aka ba rundunonin 'yan sanda shawarar su riƙa bayyana ƙasa da asalin wanda aka gurfanar a manyan laifuffukan da suka ja hankalin jama'a.

Amma a lura wannan wani aiki ne daban. An riga an kama mutumin, kalmar ba ta nemo kowa, kashe wutar ƙarya ta ke yi. Tana da nata haɗarin kuwa: in an faɗa yau, aka yi shiru gobe, shirun ma zai zama magana.

Mafi yawan masu neman tsakiya sun tsaya a kan cikar kwatance. A 2015 Jami'ar Minnesota ta ce ba za ta ƙara sa kamannin wanda a ke zargi cikin gargaɗin da ta ke aika wa ɗalibai ba, sai in suna da cikar da za ta taimaka a gane shi. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya shawarci ma'aikatansa su ambaci launi in ana neman mutum kuma kwatancen cikakke ne, sa'an nan su cire shi da zarar an same shi.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya cewa ambaton launi siffa ce halattacciya in ya cika sharaɗi huɗu. Na farko, ya fito daga shaidar da ya ga abin da ya ke faɗi, a kan laifi sananne. Na biyu, ya zo tare da siffofin da suka isa su ware mutum daga 'yan rukuninsa. Na uku, ya kasance yana da iyakar wuri da lokaci, ya kuma mutu ranar da aka kama wanda a ke nema. Na huɗu, a faɗe shi ga kowa bai ɗaya, Bature da wanda ba Bature ba. In ɗaya ya faɗi, kalmar ta fara karkata. In suka faɗi duka, ta zama wariya, ko da mai faɗinta ba ya ƙin kowa a ransa. Lalle ne a nanata wannan, gama akan ɓata lokaci ana binciken zuciyar ɗan sanda, alhali wanda aka tare sau goma a hanyar makaranta bai damu da abin da ke zuciyar mai tare shi ba.

A ƙasarmu launi ba shi ne ke raba mu ba, amma sunan ƙabila yana yin aikin da "baƙar fata" ke yi a can. Wanda aka yi wa fashi da dare bai ga ƙabila ba. Ya ga rawani ko sanda, ya ji wani karin harshe, sa'an nan ya yanke. Kafin labarin ya kai jarida, "waɗansu" ya faɗi, sai sunan ƙabila tsirara. A watan Maris 2025, a Uromi ta Jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan Arewa a hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, aka kashe 16 bisa zaton masu satar mutane ne, ba wanda ya zo ya ce ya ga ɗayansu ya saci kowa.

Saboda haka akwai aiki a nan ga malaman kwalejojin horon malamai da masu fassara labarai. Mai fassara ya kiyaye kada ya sa "baƙi" inda a ke nufin "baƙar fata", kada kuma ya yar da "wani" don taƙaita kanun labari. Malami kuwa, sa'ad da ya ke koyar da insha'in siffantawa, yana iya sa almajiransa su kwatanta mutum ba tare da sunan ƙabilarsa ba, sa'an nan su ja layi ƙarƙashin abin da suka gani da ido, su bar abin da suka zata ba layi. Hausa tana da wadatar kalmomin tsawo da jiki da haske da aska da tafiya da murya, ba ta bukatar aron kome don wannan aiki.